DARASIN NAZARIN WAƘA: TSOHON DA YA HARBI TSUNTSU

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ga mahauta suna aiki. Mahauci ba ya sayar da rago a dunƙule. Sai ya feɗe shi, ya ware fata, ya ware tsoka, ya ware kayan ciki. A nan ne ake sanin ko dabbar mai lafiya ce. Masana Hausa sun ari wannan kalma. Idan za su yi nazarin waƙa sai su ce za su feɗe ta. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano har littafi ya rubuta mai suna Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa.

Darasin wannan wata na ɗaliban ajin yaƙi da jahilci ne na ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, musamman waɗanda suka iya karanta shafi guda ba tare da tsayawa ba. Za a koyi yadda ake feɗe waƙa mai ɗauke da labari. Waƙar da aka zaɓa ta Turawa ce, amma maganar da ke cikinta ba baƙuwa ba ce. Magana ce a kan laifi da nadama da tuba. Ba a kawo baitocinta a nan ba. Labarinta aka kawo, domin a yi aiki da shi.

WANE NE YA YI WAƘAR?

Abin da mai nazari yake fara tambaya ke nan: wa ya yi waƙar, a ina, yaushe?

Sunan mawaƙin Samuel Taylor Coleridge. Ana faɗin sunan Kolrij. An haife shi a ƙasar Ingila a 1772, ya mutu a 1834. Mahaifinsa limamin coci ne. Sunan waƙar da Turanci The Rime of the Ancient Mariner, wato waƙar tsohon ma'aikacin jirgin ruwa. An buga ta a 1798 a cikin wani littafi da suka haɗa shi da abokinsa William Wordsworth. Lokacin yana da shekara 25. Domin a gane nisan zamanin, shekara shida ke nan kafin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804.

Mawaƙan Ingila na wannan zamani sun gaji da waƙar fada da manyan kalmomi. Sai suka juya ga maganar talakawa, da daji da teku da tsuntsaye, da abin da ke damun zuciyar mutum. Turawa suna kiran lokacin zamanin Romantik. Coleridge ya ari zubin wata tsohuwar waƙa ta mutanen karkara da ake kira balad. Balad waƙa ce mai gajerun baitoci wadda take ba da labari.

A watan Nuwamba na 1797 abokan biyu suka fita doguwar tafiya a ƙasa. A hanya Wordsworth ya ba shi shawara. Ya ce ya karanta a littafin wani kyaftin ɗin jirgi mai suna George Shelvocke, wanda aka buga a 1726, cewa wani mutum a cikin jirgin ya harbe baƙin tsuntsu da yake bin su, don yana zaton alamar rashin sa'a ne. A riƙe wannan magana. Za a dawo kanta.

JIRGI DA TSUNTSU

Ƙasar Gumel ba ta da teku, saboda haka akwai abu biyu da ya kamata a fahimta kafin a shiga labari.

Na farko jirgin. A zamanin nan jirgin ruwa ba shi da inji. Manyan zannuwa masu kauri ake ɗaurawa a dogayen itatuwa, iska ta cika su, ta tura jirgin. In iska ta tsaya, jirgi ya tsaya. Ruwan teku kuwa gishiri ne, wanda ya sha sai ƙishirwarsa ta ƙaru. Ke nan jirgin da iska ta yanke wa daidai yake da ayarin raƙuma masu ɗauko gishiri daga Bilma idan suka ɓata hanyar rijiya a tsakiyar Sahara.

Na biyu tsuntsun. Sunansa albataros. Babban tsuntsun teku ne. Mafi girman irinsa, in ya buɗe fukafukai, faɗinsu ya wuce mita 3. Yakan bi jirage kwana da kwanaki. Mai karatu na karkara bai san shi ba, amma ya san shamuwa. Shamuwa takan zo gab da damina, ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, ta ci fara. Ganinta albishir ne. Ba a jifanta, yaron da ya ɗaga mata danƙo kuwa manya za su tsawata masa. To, duk inda aka ce albataros a wannan darasi, a tuna da shamuwa.

LABARIN

Wasu mutum uku suna kan hanyar zuwa biki. Sai wani tsoho mai furfurar gemu ya tare ɗaya daga cikinsu. Mutumin ya yi fushi, don shi ɗan'uwan ango ne na kusa, ga kiɗa yana tashi. Ya ce a sake shi. Tsoho ya sake masa hannu, amma ya kafe shi da ido. Mutumin ya kasa tafiya. Ya zauna a kan dutse yana sauraro.

Tsoho ya ce wata rana jirginsu ya tashi daga garinsu lafiya ƙalau, ya nufi kudu. Sai guguwa ta kore su zuwa ƙarshen duniya na kudu, inda babu komai sai ƙanƙara da hazo. Ƙanƙara ta kewaye su. Ana cikin haka sai ga albataros ya fito daga cikin hazo. Mutanen jirgi suka yi murna, suka ba shi abinci. Ƙanƙara ta tsage, iska mai kyau ta taso, jirgi ya sami hanya. Tsuntsu ya saba da su. In an kira shi ya zo. Dare tara yana sauka a kan jirgin.

Sai Tsoho ya ɗauki baka ya harbe shi.

Da farko abokan aikinsa suka zage shi. Suka ce ya kashe tsuntsun da ya kawo iska. Da hazo ya washe, rana ta fito, sai suka sake baki. Suka ce ai ya yi daidai, tsuntsun ne ya kawo hazo.

Jirgi ya ci gaba har ya iso wurin da rana take tsayawa a tsakiyar kai. A nan iska ta ɗauke. Kwanaki suna wucewa jirgi bai motsa ba. Ruwan sha ya ƙare. Harsuna suka bushe, ba mai iya magana. Sai mutanen suka ɗauko mushen tsuntsun suka rataya wa Tsoho a wuya.

Wata rana ya hango wani abu daga nesa. Ya ciji hannunsa, ya tsotsi jini ya jiƙa maƙogwaro, sannan ya iya ihu cewa ga jirgi. Ashe kwarangwal ɗin jirgi ne, yana tafiya ba iska. Mutum biyu ne a ciki. Ɗaya Mutuwa, ɗayar kuma wata mace mai ban tsoro, sunanta Rai-Cikin-Mutuwa. Caca suke yi da abin jefawa irin ɗan ludo. Mutuwa ta ci mutanen jirgi. Macen ta ci Tsoho. A daren nan mutum 200 suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya mutu idonsa a kan Tsoho.

Kwana bakwai yana zaune shi kaɗai da gawarwaki. Ba su ruɓe ba, idanunsu ba su rufe ba. Ya dubi teku, ya ga wasu halittu masu yauƙi suna yawo, ya ji ƙyamarsu. Ya ce mutanen kirki sun mutu, ga waɗannan ƙazamai da shi kansa suna raye. Ya so ya yi addu'a, ya kasa. Zuciyarsa ta bushe.

Sai wani dare da farin wata ya ga macizan ruwa suna wasa a gefen jirgin. Ya tsaya yana kallon launinsu, shuɗi da kore da baƙi, suna ƙyalli. Bai san lokacin da ƙaunarsu ta shiga ransa ba. Ya sa musu albarka. Nan take bakinsa ya buɗe da addu'a, mushen tsuntsu ya faɗo daga wuyansa ya nutse a teku.

Barci ya ɗauke shi. Da ya farka ana ruwan sama. Wasu ruhohi na alheri suka shiga gawarwakin, suka tashi suka kama aikin jirgi. Gawar ɗan ɗan'uwansa tana jan igiya ɗaya da shi, amma ba ta ce masa uffan ba. Daga baya ya suma. A cikin suman ya ji muryoyi biyu suna magana a kansa. Ɗaya ta ce ya biya, amma da sauran biya.

A ƙarshe jirgi ya iso garinsu. Wani ƙaramin kwalekwale ya taso ya tarye shi. A ciki akwai mai yi wa jirage jagora, da yaronsa, da wani mai ibada da yake zaune a daji. Suna isowa babban jirgin ya nutse. Suka tsamo Tsoho. Da suka taka ƙasa ya roƙi mai ibadar ya wanke shi daga laifi. Mai ibada ya tambaye shi, shi wane irin mutum ne? Sai wani ciwo ya murɗe shi, bai sake shi ba sai da ya faɗi labarinsa duka. Tun daga ranar yake yawo ƙasa ƙasa. Ciwon yakan dawo. In ya ga fuskar wanda ya kamata ya ji labarin, yakan gane shi.

Tsoho ya yi sallama ya tafi. Ɗan'uwan ango bai shiga gidan biki ba. Ya juya gida. Washegari ya tashi da baƙin ciki, amma da ƙarin hankali.

LABARI DABAN, JIGO DABAN

Malami ya sa a karanta labarin sau biyu. Sannan ɗalibi ɗaya ya maimaita shi da ka, sauran su gyara masa. Bayan haka sai a nemi jigo.

Jigo shi ne saƙon da waƙa take ɗauke da shi. Labari kamar buhu ne, jigo shi ne geron da ke ciki. Wani ɗalibi zai ce jigon waƙar tafiyar jirgin ruwa ne. Wannan buhu ya nuna. Wani zai ce jigon shi ne kada a kashe tsuntsu. Ya taɓa gero, amma bai kai hannu ƙasan buhu ba. In don wannan ne kawai, me ya sa mawaƙi ya rubuta layi fiye da 600? Tsuntsun ya mutu tun a kashi na ɗaya, ga kashi shida sun rage. Duk kashi shidan nan a kan abin da ya biyo bayan laifi suke. Ke nan jigon yana can.

Waƙoƙin wa'azi na Hausa sukan faɗi jigonsu ƙarara. Wanda ya saurari makafi suna rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, ba ya wahalar gane inda aka dosa. Ana gaya masa kai tsaye. Waƙa mai labari ba haka take ba. Ita nunawa take yi, mai karatu ya tono da kansa. Dabarar tonowa ita ce a yi wa labarin tambayoyi.

Tambaya ta farko: me ya sa Tsoho ya harbi tsuntsun? A duba labarin da kyau. Babu dalili. Ba yunwa ba ce, ba tsoro ba ne, ba kuskure ba ne. A nan ne maganar da aka ce a riƙe take da amfani. Mutumin da ke cikin littafin Shelvocke yana da dalilinsa, ko da dalilin camfi ne. Coleridge ya ɗauki labarin, ya cire dalilin ya yar. Mai nazari ba ya lura da abin da mawaƙi ya sa kawai. Yana lura da abin da ya cire. Da an ba Tsoho dalili, da mai karatu ya tsaya yana auna ko dalilin ya isa. Da aka cire shi, sai laifin ya tsaya tsirara. Tsuntsu ya zo baƙo, ya ci abincinsu, ya amince da su. Cin amanar baƙo ne. Kuma kowa ya san irin wannan a ransa: abin da mutum ya taɓa yi, in an tambaye shi dalili sai ya ce shi ma bai sani ba.

INA KAYA YA SAUKA?

Kowace waƙa mai labari tana da mararraba, wato wurin da al'amari ya juya. Wanda ya gano mararraba ya kusa gano jigo. A wannan waƙa tana ƙarshen kashi na huɗu, tsakiyar kashi bakwai. Ita ce inda mushe ya faɗo daga wuya.

A lura da abubuwan da ba su sauke kayan ba. Wahala ba ta sauke shi ba, ya sha ƙishirwa har ya sha jininsa. Tsoro bai sauke shi ba. Kaɗaici na kwana bakwai bai sauke shi ba. Ko ƙoƙarin addu'a bai yi ba, don bakinsa ya ƙi buɗewa. A duk kwanakin nan Tsoho kansa yake tausayi, sauran halittu kuwa ƙyamarsu yake yi. Zuciyar da ta harbi tsuntsu ita ce dai take ƙyamar halittun ruwa. Ba ta canza ba.

Abin da ya sauke kayan ƙarami ne ƙwarai. Ya kalli maciji ya ga kyansa. Mawaƙin ya yi wayo a nan. Bai kawo masa wani kyakkyawan tsuntsu ba. Ya kawo masa irin halittun da yake ƙyama jiya. Teku ba ta canza ba, macizai ba su canza ba, idon mai kallo ne ya canza. Ya yi laifi ga halitta ba da dalili ba, ya kuma ƙaunaci halitta ba da dalili ba. Na biyun ya warware na farkon.

Coleridge Kirista ne, kuma akwai al'adun addininsa a waƙar, kamar zuwa wurin mai ibada don neman wankewa. Mai nazari yana faɗin wannan yadda yake, ba sai ya yarda da shi ba. Amma ɗalibin da ya zauna a makarantar littattafai zai tuna da hadisai biyu da suke cikin Buhari da Muslim. Ɗaya na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ba. Ɗayan na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kwatanta sabon abu da wanda aka sani hanya ce mai kyau a nazari, muddin ba a ce su ɗaya ne ba.

To, da kaya ya sauka, magana ta ƙare? Ba ta ƙare ba, da sauran kashi uku. Malamai sukan ce tuba tana da sharuɗɗa: nadama, da barin laifin, da niyyar ba za a koma ba. In kuma akwai hakkin wani, a mayar masa. A gwada Tsoho da wannan ma'auni. Ya yi nadama. Ya bari. Amma hakki fa? Tsuntsu ya mutu. Mutum 200 sun mutu. Babu wanda zai mayar wa komai. Shi ya sa ya koma biya da bakinsa, yana tona asirin kansa ga baƙi har ƙarshen ransa. An sauke masa kaya daga wuya, amma ba a yafe masa bashi ba. Ɗalibin da ya rubuta jigo ya haɗa waɗannan biyu, saukar kaya da sauran bashi, ya kai hannu ƙasan buhu.

MUTUM ƊARI BIYUN NAN FA?

Ga tambaya mai wuya, kuma a kowane aji sai an sami mai yin ta. Mutum ɗaya ya yi harbi. Me ya sa 200 suka mutu, shi ya rayu?

Akwai amsa a cikin labarin. Sun yi baki biyu. Ba kisan ne ya dame su ba, iska ce ta dame su. Da suka zaci kisan ya jawo musu asara suka zagi maharbi. Da suka zaci ya jawo riba suka yabe shi. Da wahala ta dawo suka rataya masa mushe, kamar su ba ruwansu. A 1817 Coleridge ya sake buga waƙar, ya ƙara gajerun bayanai a gefen shafi. A ciki ya nuna cewa yabon da suka yi ne ya sa suka zama abokan laifi.

Ga misali. A ce wani ya sare gawon da ke bakin gari, wanda shamuwa take sheƙa a kai, dabbobi suke cin 'ya'yansa da rani. Jama'a suka yi ta surutu. Da ya raba musu itacen girki sai kowa ya yi shiru, har wasu suka ce dama bishiyar ta tsufa. Da iska ta fara kwaso rairayi cikin gari sai suka ce laifin wane ne. Mutanen arewacin Jigawa, waɗanda dattawansu suka ga farin 1973 da na 1984, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan.

Amma a faɗi gaskiya, amsar ba ta cika ba. Baki biyu laifi ne, sai dai bai kai na mutuwa ba. Kuma da caca aka raba su, ba da shari'a ba. Mai nazari na kirki ba ya rufe ramin da ya gani a waƙa don ya faranta wa mawaƙi. Coleridge da kansa ya san da ramin. A ƙarshen waƙar ya sa Tsoho ya yi ɗan gajeren wa'azi a kan son dukan halittu, manya da ƙanana. Wata marubuciya mai suna Anna Barbauld ta taɓa ce masa waƙar ba ta da darasi. Ya amsa mata cewa a ganinsa darasin ma ya yi yawa. Ya ce kamata ya yi ta zama kamar labarin nan na Dare Dubu da Ɗaya, na falken da ya zauna yana cin dabino, ya jefar da abin da ya rage, sai ga aljani ya ce ya kashe masa ɗa. Wato wani lokaci ƙaramin aiki yakan jawo abin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma ba a tambayar mutum ko ya yi nufi.

Saboda haka kada malami ya ce wa ɗalibi wa'azin ƙarshen nan shi ne dukan waƙar. Ɗan'uwan ango bai tafi gida yana murna ba. Abin da ya ji ya fi wa'azin nauyi.

ZUBI DA SALO

Zubi shi ne yadda aka gina waƙa. Salo shi ne yadda aka sarrafa harshe.

Waƙar tana da kashi bakwai. Yawancin baitocinta ƙwar huɗu ne, wato ɗango huɗu a baiti, kuma amsa-amo yana ɗango na biyu da na huɗu. Wasu baitocin sun fi haka tsawo. Akwai wani abu da sai mai lura yake gani. Kashi shida na farko kowanne yana ƙarewa da komawa kan laifin: ko a ambaci tsuntsun, ko bakan da aka harbe shi da shi, ko biyan da ya rage. Duk nisan da labari ya yi sai ya dawo wuri ɗaya, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Haka zuciyar mai laifi take yi. Ke nan zubin ma yana faɗin jigo.

Haka nan labari ne a cikin labari. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san wannan dabara, inda aku yake riƙe Musa ɗan sarki da labarai don kada ya fita. A nan ma Tsoho ya riƙe mutum ya hana shi biki. A waje ana kiɗa da cin abinci, a kan dutse ana maganar ƙishirwa da gawa.

A salo, abu biyu sun isa a koya yau. Na farko mutuntarwa, wato a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi halin mutum. Bahaushe yakan ce mutuwa ta yi sallama, ko duniya ta juya baya. Haka mawaƙin ya sa Mutuwa ta hau jirgi ta yi caca. Na biyu alamtarwa, wato abu ɗaya ya tsaya a madadin wani. Mushen da ke wuya alama ce ta laifi: yana da nauyi, kowa yana ganinsa, mai shi ba ya iya cire shi. Har yau in Bature ya ce wani abu ya zame masa albataros a wuya, yana nufin kayan da ya kasa rabuwa da shi. Ruwan saman da ya sauka bayan addu'a alama ce ta rahama, kuma manomi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Wasu masana sun ce rana a waƙar alamar azaba ce, wata kuma alamar sauƙi. Akwai gaskiya a ciki, amma a tuna da dare mutanen nan suka mutu, wata yana sama. Alama ba lissafi ba ce da kullum biyu da biyu za su ba da huɗu.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya amsa waɗannan a littafinsa na rubutu, ya kawo wa malami a zama na gaba.

1. A wace shekara aka fara buga waƙar, kuma wane ne ya yi ta?
2. A rubuta jigon waƙar a jimla ɗaya, ba tare da an ambaci jirgi ko teku ba.
3. Me Tsoho ya gani kafin mushe ya faɗo daga wuyansa? Me ya sa wahalar kwana bakwai ba ta sauke shi ba?
4. A kawo misali ɗaya na mutuntarwa daga maganar yau da kullum, wanda ba ya cikin wannan darasi.
5. A tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwa tatsuniya ko labarin wanda ya yi laifi ya yi nadama. A rubuta shi a layi goma, a ja layi a ƙarƙashin mararrabarsa.

Tambaya ta ƙarshe ba ta rubutu ba ce. Malami ya raba aji gida biyu. Gida ɗaya su kare mutanen jirgi, gida ɗaya su tuhume su. Sharaɗi shi ne duk wanda ya tashi magana ya kawo hujja daga cikin labarin.